Kuskuren Malam Bukar a Kan Baƙaƙen Ramuka

Duk wanda ya taɓa karya kumallo tare da Malam Bukar ya san bai taɓa shan kunu da zafinsa ba. Ana ajiye masa kwano sai ya laluba aljihu ya ciro gyaɗa biyu, ya jefa ciki, ya juya da ludayi, ya sunkuya yana kallon yadda suke zagaya juna har su haɗu a tsakiya. In sun haɗu da wuri ya ce kunun ya yi kauri, in sun daɗe ya ce an tsuga ruwa. Matarsa Yagana ta yi shekaru tana dama masa kunu, ba ta taɓa jin ya ce ya yi daɗi ko bai yi ba.

"Malam, ka sha mana, yana hucewa."

"Bari su gama tukuna."

"Su wa?"

"Ba za ki gane ba."

"Na dai gane kununa ya sandare."

Ni ce Talatu mai bandar kifi a kasuwar Haɗejiya. Babana kawunsa ne, wato ni taubashiyarsa ce, tun muna yara nake kiransa bawana yana ce mini sarkin surutu. Abin da wani ba zai iya faɗa masa ba ni ina faɗa, kuma mutuwa ba ta karɓe mini wannan izinin ba. Saboda haka ku da kuka san shi, in kun ji na taɓa shi kaɗan, ku bar ni da abina.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana koyar da Fiziks a sakandare a nan garin. Ranar da ya yi ritaya, abokan aikinsa sun ga yana fita rungume da gwangwanin madara babba, suka zaci wata kyauta ce. Guntayen alli ne da ya yi shekaru yana tsintowa a ƙasan allo, wai ba a zubar da alli in dai yatsa biyu za su iya riƙe shi. Da wannan allin ya addabi unguwa. Ya rubuta a bangon zaure, ya rubuta a ƙofar shagon tela, ya rubuta a bayan kujerar mai shayi. Wata safiya na fito na tarar da shi tsugune a gaban gangar da nake banda, ya cika jikinta da zane.

Na ce, "Bawana, me gangata ta yi maka?"

Ya ce, "Baƙa ce, ta fi allon makaranta kama alli. Zauna in nuna miki."

Ban zauna ba, amma kifi na kan wuta, ba inda za ni, dole na ji. Ya ce akwai wurare a sararin samaniya da nauyi ya taru ya yi yawa, har haske ma in ya faɗa ba ya fitowa, su ake kira baƙaƙen ramuka. Waɗanda aka sani daga gawar manyan taurari suke samuwa. Amma masana na zaton akwai wasu da suka samu tun farkon halitta, kafin a yi tauraro ko ɗaya. Wasunsu sun kama juna bibbiyu suna ta zagayen juna, suna matsowa a hankali, har ranar da za su haɗe su zama ɗaya. Sai kuma wani abu da yake kira ɓoyayyen abu, wanda ya ce ya fi duk abin da ido ke gani yawa, ba ya haske, ba ya taɓuwa, jansa kawai ake gani a kan taurari. Shi wannan yana taruwa ya lulluɓe kowane rami.

Na ce, "Ka gan su?"

"A'a."

"Wani ya gan su?"

"Na farkon halittar ba a ma tabbatar akwai su ba tukuna."

"Shi ɓoyayyen fa?"

"In an gan shi ai da ba a kira shi haka ba."

"Wato abin da ba a gani ne ya lulluɓe abin da ba a tabbatar ba, shi ne ka ɓata mini ganga."

Ya miƙe yana karkaɗe hannu, ya ce, "Yanzu kin fara ganewa."

Wannan magana ba ta cikin abin da ake jarrabawa a kai. A waya ya tsince ta cikin shekarunsa na ƙarshe a aiki, ta shige masa rai. Ajinsa na ƙarshe kafin ritaya, duk ranar Alhamis in darasi ya ƙare da saura, sai ya rufe littafi ya ba su labarin ramukan nan. Kuma da abin da suka sani ya kwatanta musu. Ya ce su ɗauki kwale-kwale biyu suna zagaya juna a buɗaɗɗen ruwa, za su daɗe ba su yi karo ba. Amma a sa su cikin kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, sai ta riƙe su, ta karya musu gudu, nan da nan su gwabza. Ya ce haka ɓoyayyen abu yake yi wa ramuka biyu, yana sa su haɗe da wuri ƙwarai. Yara suka rubuta, aka tashi, kowa ya kama gabansa.

Shekara huɗu bayan haka, da Babbar Sallah, wata tsohuwar ɗalibarsa ta can baya ta zo gaishe shi. Dakta Rabi, tana koyarwa a jami'a a Kano, kuma fannin taurarin ta karanta. Ina gidan na kawo wa Yagana kifi. Malam ya ga ya samu wadda za ta fahimce shi, ya baje mata kwale-kwalensa da kacallarsa, yana yi yana kallona wai in ga yadda masu ilimi ke sauraro. Ta ji har ƙarshe tana durƙushe, sannan ta ce, "Malam, a gafarce ni, rabin maganar ke nan."

Ta ce ramukan nan ba zagaye sosai suke yi ba, hanyarsu doguwa ce siririya. Sai su yi nisa da juna, su dawo da gudu su kusa gogar juna, su sake yin nisa. A wurin wannan kusantar ne ƙarfinsu ke zubewa, shi ke kai su ga haɗewa. Ta ce gaskiya ne ɓoyayyen abu yana riƙe su ya rage musu nisa. Amma garin kutsawa cikinsa suna watsar da shi, sai hanyar tasu ta buɗe ta koma kusan kamar faifai, ba sa ƙara zuwa dab da juna irin na da. Ɗaya na gaggauta haɗuwar, ɗaya na jinkirta ta. A lissafin da masana suka yi, biyun sun kusa cinye juna, lokacin haɗuwar bai canja sosai ba.

Malam ya ɗauki gwangwanin allinsa ya nufi zaure. Daga bayan Azahar har aka kira La'asar yana rubutu a bango yana gogewa da hannun rigar Sallarsa. Naman da aka zuba masa ya daskare a kwano. Da ya shigo, ya tsaya a kan Dakta Rabi ya ce, "Kin yi gaskiya. Allah ya yi miki albarka." Sai ya wuce ɗaki ya fito da wani tsohon littafin rubutu, ya buɗe inda sunayen ajin nan suke.

Ya ce, "Mutum ashirin da uku na gaya wa."

Na ce, "To sai me?"

"Sai in bi su in gyara."

Na yi dariya har na ƙware. Mutumin da ya haura sittin, ga hawan jini, ga gwiwa da ke ƙara in zai tashi daga sallah. Dakta Rabi, da ta ga abin da ta jawo, ta ce a bari ta rubuta gyaran a tura musu ta waya. Ya girgiza kai. Ya ce a tsaye ya faɗa musu, suna kallon fuskarsa suka yarda da shi, ba zai aika da gyara ta waya kamar mai gayyatar suna ba. Tun daga ranar ba shi da wani aiki a duniya sai wannan, kuma duk wanda ya san taurin kansa ya san ba zai huta ba sai ya kai ga na ashirin da ukun.

Na farko da ya faɗa hannunsa shi ne Sabo, wanda ke acaɓa a bakin tasha. Malam ya ɗare bayan babur ya gyara zama.

"Ina za a kai ka, Malam?"

"Ko'ina. Kai nake nema."

Suka ɗauki hanya. Malam ya ce, "Ka tuna abin da na gaya muku a kan baƙaƙen ramuka?" Sabo ya ce ramukan da ya sani su ne na kan titi, kuma yana kauce musu. Ko kalma ɗaya bai tuna ba. Wani malamin da sai ya gode wa Allah ya sauka. Namu sai ya sa aka tsaya a gindin bishiya, ya ciro alli, ya koya wa Sabo darasin tun daga farko, da kwale-kwale da kacalla da komai, har ya ga ya zauna masa.

"Ka riƙe?"

"Na riƙe, Malam."

"Maimaita."

Sabo ya maimaita tsaf.

"Madalla. To ba haka ba ne."

Da yamma Sabo ya zo rumfata kamar zai yi kuka. Ya ce, "Hajiya, wallahi da safe lafiya lau na fito. Yanzu abu biyu ne a kaina, kuma na manta wanne ne na zubarwa." Na kai wa Malam wannan magana don in kunyata shi. Washegari da sassafe ya koma tasha ya sake hawa babur ɗin.

Na same shi na ce, "Kai wane irin mutum ne? Yaran nan sun manta. Allah ya goge maka kuskurenka a kyauta, kai kana bi kana sake rubutawa."

Ya ce, "Mantuwa ba gyara ba ce, Talatu. Abin yana nan kwance a kansu. Wata rana ɗansa zai tambaye shi, ya faɗo masa, kuma kuskuren ne zai faɗo. Sannan ya ce Malam Bukar ne ya faɗa."

"Wane ɗa ne zai tambayi ɗan acaɓa labarin ramin sama?"

"Irin ɗan da nake fata ya haifa."

Sai na ce masa hularsa ta karkace.

Haka ya yi ta bin su. Wani ya same shi a gonar shinkafa a Auyo ana fama da tsuntsayen jan-baki, ya shiga taɓo har gwiwa ya tsaya kusa da shi. Manomin yana kaɗa gwangwanaye yana ihu yana cewa, "Faɗi, Malam, kunne ɗaya naka ne, ɗaya na tsuntsu." Wata ma'aikaciyar jinya ce, ya bari sai da ta ɗaura masa abin awon jini a hannu sannan ya fara, ta ce ya yi shiru awon na hawa, ya ce ta bar shi ya hau. Ɗaya kuma ya tarar Allah ya yi masa rasuwa. Ya zauna da iyayen ya yi addu'a, ya fito ya ja layi a kan sunan, ya ce mini, "Shi yanzu ya fi ni sani."

Wadda aka fi ba da labarinta ita ce Hadiza, da ta yi aure a Kaugama. Mijinta Alhaji Mato mutumin kirki ne, ya shimfiɗa wa Malam tabarma a zaure, ya kawo ruwa da fura, amma ya ce a gidansa baƙo namiji ba ya wuce nan. Malam ya ce ba laifi, gida na mai gida ne.

"Sai dai kai za ka kai mata saƙon."

"Wannan mai sauƙi ne. Mene ne saƙon?"

Malam ya fara. Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai, ya shiga ciki, ya fito.

"Me ka ce mata?"

"Na ce Malam ya ce kacalla ta kifar da jirage biyu."

"Zauna."

Aka sake. Ya shiga ya fito, wannan karon ya ce mata ramukan sun fasa haɗuwa gaba ɗaya. Aka sake. A zuwa na huɗu ya fito yana share gumi da hula, ya ce, "Wai tana tambaya, shi ɓoyayyen abin da aka watsar, ina yake tafiya?"

Malam ya ji daɗi har ya buga cinya. Ya ce, "Ka ji ɗaliba. Ce mata nesa yake tafiya, kuma yana tafiya da ƙarfin da ya ƙwace musu, shi ya sa suke matsowa. Amma ka fara da cewa..."

Alhaji Mato ya ɗaga labule ya riƙe. Ya ce, "Malam, don girman Allah shigo ka gaya mata da kanka. Kai uba ne."

Cikin shekara biyu ya gama da ashirin da biyu. Saura Isiyaku. Shi ne ya fi kowa ƙoƙari a ajin, amma mahaifinsa ya rasu suna gama makaranta, ya ajiye karatu ya ɗauki koma. Yana can bayan Guri yana bin ruwa, yau a wannan tungar masunta gobe a waccan, ba ya zama wuri ɗaya. Malam ya aika sau uku a ce masa ya zo, saƙon bai same shi ba.

Ni na kawo labarin da ya hana shi sukuni, kuma har yau ina cizon yatsa a kai. Masu kawo mini kifi daga can suka ce akwai wani masunci da in an zauna gyaran koma yake ba mutane labarin kwale-kwale biyu a sama da kacallar da ba a gani, har mutane na barin aiki su zo ji. Na zo da gudu na faɗa wa Malam ina dariya, a zatona zai ji daɗi. Fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Shi kaɗai ya riƙe. Kuma kuskuren ya riƙe, yana rabawa."

Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya shanye hanya. Yagana ta roƙe shi ya bari ruwa ya janye, ƙannensa suka roƙe shi, ni kuma na zage shi tas. Ya ce kowace rana da ya ƙara, wani mutum ne zai ƙara ji. Da na ga zai tafi ko da wa ko ba wa, na ɗaura ɗamara na bi shi, don ni na san mutanen can. Mota ta kai mu Guri, daga nan muka shiga kwale-kwalen wani dattijo Mamman.

Farkon tafiyar lafiya lau. Da muka shiga hanyar da za ta kai mu tungar, sai ga kacalla ta haɗe gaba da baya, ta fi tsayin mutum. Mamman ya yi ta dannawa da gora, jirgi ya matsa taku ɗaya ya tsaya. Muka ja baya muka gwada wata hanyar, ita ma a toshe. Rana ta take, sauro ya same mu da tsakar rana kamar an aiko shi. Shi kuwa Malam yana zaune a tsakiya yana yi wa Mamman bayani.

"Ka ga ciyawar nan? Da ita na yi kwatance, kuma kwatancen bai cika ba. Ita ba ta watsewa in an kutsa ta, ta sama kuwa tana watsewa."

Mamman ya dogara da gorarsa yana haki, ya ce, "Malam, ban san ta sama ba. Ta ƙasa dai ta riƙe mu."

Kafin mu fita daga ciki hadari ya haɗo. Ruwa ya dake mu tun daga can har bakin gaɓa, ba inda za mu fake. Malam ya cusa littafin sunayen cikin riga ya duƙa a kansa, ya bar bayansa a ruwa. Muka dawo Haɗejiya ba mu ga Isiyaku ba. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sauka a ƙirji, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, amma bai ƙara fita ƙofar gida da ƙafarsa ba.

Wata safiya Yagana ta aiko a kira ni. Na tarar da shi an jingina shi da filo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya nuna mini tabarma.

"Zauna. Yau za a fara darasi."

"Wane darasi?"

"Ke ce kike zuwa can sarin kifi. Ke za ki kai wa Isiyaku."

Na ce, "Ni? A aji huɗu na firamare aka cire ni. Ka kira Dakta Rabi."

"Rabi ba ta san hanyar tunga ba. Ke kuma bakinki ba ya gajiya. Sau ɗaya dai a rayuwa ya yi amfani."

Na so in rama, na ga yadda numfashinsa ke fita da ƙyar, na haɗiye. Kwana uku ina zuwa kowane hantsi. Ya faɗa in maimaita, ya yi tari ya huta, ya sake faɗa. Ranar farko na ce ɓoyayyen abu yana hana su haɗuwa. Ya rufe ido ya ce, "Kin faɗi." Rana ta biyu na kawo rage nisan na manta da buɗewar hanya. Ya ce, "Kin sake faɗi. Wannan ai kuskurena kika maimaita."

Na ce, "A gadon ciwo ma sai ka kayar da mutum?"

"In na bar ki kika wuce, ciwon ne ya ba ki maki, ba ni ba."

Daren nan ban yi wani abin kirki ba sai bita, da safe ina jera kifi ina yi, har maƙwabciyata a kasuwa ta tambaya ko wuridi aka ba ni. Rana ta uku na zauna a gabansa na kawo shi tun daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Kin ci. Da ƙyar."

Sai ya kama bakin mayafina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Saura abu ɗaya. In kin je kar ki ce masa an gano, kar ki ce masana sun canja magana. Ki ce Malam ya yi kuskure. Da wannan za ki fara." Na ce na ji. Ya ce in maimaita wannan ma, na maimaita. Bayan kwana tara ya rasu, ranar Juma'a da hantsi.

Da aka yi arba'in ruwa ya janye. Na ɗauki kwanduna biyu na kama hanya, na ce in kai saƙo in saro kifi, tafiya ɗaya. Sai da na tambaya a tunga uku kafin a nuna mini shi, zaune a inuwa a bakin ruwa yana ɗinkin koma, dogo baƙi, hannuwansa duk sun faffashe. Ya yi mini lale, ya ba ni wurin zama. Bai ji rasuwar ba. Da na faɗa masa ya ajiye zaren, ya yi salati.

Na ce, "Ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce in fara da cewa Malam ya yi kuskure."

Isiyaku ya gyara zama ya naɗe ƙafa. Na tsinci kara na zana doguwar hanya siririya a ƙasa, na zana mai kama da faifai kusa da ita. Ban tsallake komai ba. Na ce ɓoyayyen abu yana rage musu nisa, wannan gaskiya ne. Amma suna watsar da shi, hanyarsu ta buɗe, su daina zuwa dab da juna. Ɗaya na gaggautawa, ɗaya na jinkirtawa, lokacin haɗuwar kusan yana nan yadda yake. Ya ce in sake, na sake. Ya yi mini wata tambaya a kan ramukan in ɗaya ya fi ɗaya girma, na ce, "Ɗana, nan aka tsaya da ni."

Ya ce, "Har nan ya taho saboda wannan?"

"Har cikin kacallar can. Ruwan da ya dake shi a hanya ne ya kwantar da shi."

Ya share fuska da gefen riga. Sai na ga ya fara lanƙwasa yatsu yana motsa baki. Ya gama hannun dama ya koma na hagu, ya gama ya sake dawowa na dama.

Na ce, "Me kake ƙirgawa?"

"Waɗanda na gaya wa."

Ya tashi ya naɗe komar da bai gama ɗinkewa ba, ya rataye ta a reshe, ya tura kwale-kwalensa cikin ruwa.

Na ce, "Kai, kifina fa?"

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Bari in fara da na tsallake, su ne suka fi yawa."

Na tsaya da kwandunana babu ko tarwaɗa ɗaya ina kallonsa yana tuƙi har ya shige bayan ciyawa. Ranar rasuwar ban yi kuka sosai ba, ina ta hidimar baƙi. A bakin ruwan nan na zauna na yi shi, ni kaɗai, har ya ishe ni.

Allah ka jiƙan bawanka Bukar. Bai iya kwana da kuskure ɗaya a kan mutane ba, kai kuma ka yafe masa nasa duka, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka haskaka masa kabarinsa, ka ba Yagana haƙuri, ka sada mu da shi a gidan rahama. Amin.